Ruwan da Ban Sha Ba a Salaga

Litinin, 5 ga Agusta. Yendi.

Zan rubuta halin da ake ciki domin in gan shi da idona. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina sayar da zare ga masaƙan fugu, rigar saƙi ta mutanen nan, a wannan shago. Mutumin da ke aiko mini da kaya daga Kumasi ya sanar da ni cikin ladabi cewa in ban biya shi sidi dubu goma sha takwas zuwa ashirin ga wata ba, ba zai ɗora mini zaren Damba a mota ba. Damba kuwa, bikinmu na watan Maulidi, ita ce cinikin shekara, kowa a Yendi yana son sabuwar riga. Masaƙin da ya zo ya tarar da kanta fayau zai tafi wani shago, kuma ba lallai ya dawo ba.

A hannuna akwai dubu shida. Ina bin Tijani na Salaga, ɗan marigayi aminina Malam Yussif, dubu bakwai. Ina bin Hajiya Zalia ta Bawku dubu takwas.

Talata, 6 ga Agusta.

'Yata Sumaiya ta biyo ta shago bayan ta tashi daga aiki. "Baba, ka kira su mana, ka faɗi kuɗinka." Na ce mata a gidanmu ba a faɗi. Mai bin bashi yakan je da ƙafarsa, a kawo masa ruwan baƙo, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye bai sha ba. Mai gida ya gane ke nan. Ba a kunyata kowa ba. Ta dube ni kamar na ce zan tafi Makka a kan jaki.

Alhamis, 8 ga Agusta. Hanyar Salaga.

Yayyafi tun daga Bimbilla. Kunyoyin doya jere har iyakar gani, itatuwan kaɗanya tsaye a cikin hazo kamar dattawa suna jiran a tsai da salla. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na gan ni ina ɗan shekara tara a bayan mahaifina, a zauren kakan Tijani. Aka kawo farau-farau a ƙwarya. Mahaifina ya ajiye. Suka yi hirar goro, suka yi hirar wanda ya rasu da wanda ya yi aure, ƙwarya tana nan, garin gero yana kwantawa a ƙasanta a hankali. Can mai gida ya tashi ya shiga ciki, ya fito da ƙullin hankici ya tura ƙarƙashin tabarma. Sa'an nan mahaifina ya ɗaga ƙwaryar ya sha, ya miƙo mini ragowar. Har yau ban sha ruwa mai daɗinsa ba.

Juma'a, 9 ga Agusta. Salaga.

Tijani ya tarbe ni da murna ta gaskiya. Ya kawo ruwan leda daga firij. Na karɓa da hannu biyu, na ajiye a gaban tabarma inda zai gani. Muka yi hirar rufin ɗakin saƙarsa da ke yoyo.

"Baba, ba ka sha ba. Sanyi ya yi yawa ko? Haƙora ne?"

Ya kawo marar sanyi. Na ajiye kusa da na farko. Ya aika aka sayo lemon kwalba. Na ajiye. Ya damu paa, kamar yadda mutanen nan suke faɗi in abu ya yi yawa, har ya tambaye ni ko likita ne ya hana ni. Bayan sallar Juma'a ya haɗa mini duka a jaka wai don hanya, ya ƙara da doya huɗu da zabuwa, ya biya mini kuɗin mota.

Yussif, ashe ba ka gaya wa yaron nan ba. Ko da yake ni ma sai ranar Talata na gaya wa tawa.

Asabar, 10 ga Agusta.

Zabuwa tana kuka a tsakar gida. Saura kwana goma.

Talata, 13 ga Agusta.

Na shirya jaka domin Bawku, gwiwa ta ƙi. Na zauna a shago ina bin hanyar a zuci: Gushegu, hawan dutsen Nakpanduri inda gajimare ke shiga mota ta taga, sa'an nan warin albasa ya sanar da kai ka iso. Masaƙa biyu sun leƙo suna tambayar baƙin zare da shuɗi. Na ce yana hanya. Allah Ya gafarta mini.

Alhamis, 15 ga Agusta.

Na kira Hajiya Zalia. A waya babu tabarma, babu abin da mutum zai ajiye. Na gaishe ta, na gai da yara, na tambayi damina, na sake gai da yara.

"Alhaji, yaran nan sau uku ke nan suna lafiya. Mene ne?"

Na faɗa. Na ji muryata tana cewa dubu takwas kamar wani ne ke magana daga ɗaki na gaba.

Ta yi dariya har da tari. "Kuɗinka tun Babbar Salla suna ajiye. Na ji shiru, na ce Alhaji ya ƙoshi, sai na juya su a albasa. Ka ba ni zuwa Asabar."

Na jira in ji mutuncina ya ragu. Na daɗe a zaune ina jira.

Asabar, 17 ga Agusta.

Kuɗin Hajiya Zalia sun shigo ta MoMo, asusun waya. Da na hannuna, dubu goma sha huɗu. Saura huɗu, kuma suna Salaga.

Lahadi, 18 ga Agusta.

Na ɗauki wayar sau biyar in kira Tijani, ina ajiyewa. Ɗan Yussif ne. Ni na riƙe shi ranar suna.

Litinin, 19 ga Agusta.

Na gaya masa, da adadi. Ya ce, "Baba, ashe abin da ya kawo ka ke nan? Ka zauna wuni guda da ƙishi a gidan ubana?" Dubu biyar yake da su, kuɗin kwanon rufin ne. Na ce huɗu sun isa, ya riƙe ɗaya ya toshe inda ya fi yoyo, sauran bayan Damba. Na faɗi ranar kuma. Ni da bakina.

Laraba, 21 ga Agusta.

An ɗora zaren a Kumasi. Ban sauya komai daga tafarkin gidanmu ba. Takarda ce kawai na sa Sumaiya ta buga, saboda mutane sun yi nisa, gwiwa kuma ta tsufa. Sau huɗu na gyara ta kafin na yarda a manna a ƙofar shago:

"Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja na Yendi da Salaga da Bawku. Daga yau, duk wanda ya ɗauki zare za a gaya masa adadinsa da ranar biya, kuma in ranar ta matso ni da kaina zan kira shi. Ba don rashin yarda ba ne, sai don kada shago ya rufe a kanmu baki ɗaya. Ina roƙon kowa, babba da yaro, ya ba mu haɗin kai. Abdul-Mumuni Wadud."