Za Su Dafa Irin Goggo

Argungu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zakiyya da yara. Allah ya ƙara rufin asiri can Ikko. Nan kowa lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan matsa mata.

Yaya, ba daɗi ya sa na ɗauki biro ba. Tun da anka ba mu jiha kowa ya zama masoyin al'ada. Wasu 'yan kasuwar Birnin Kebbi za su gina gidan abincin gargajiya bakin fadamarmu, baƙi su zauna suna cin tuwo suna kallonmu duƙe cikin laka. Mai zanen ginin, wani Mansur, ya shimfiɗa muna takardarsa bisa tabarma. Ban shiga aji ba, amma karatun da na koya ma kaina ya ishe ni: madafa gabas, rumfar gasa kifi yamma, tsakiya an rubuta tsohon rumbu. Rumbun Goggo ke nan. Wai ba za a rushe shi ba, kewaye shi za a yi, baƙi su sha kallo. Har shafa shi Mansur ɗin ya yi kamar mai sayen doki.

Da nan abin ya tsaya da na haƙura. Sai Baffa Hodi, don a ambaci sunansa a lasifika, ya yi alkawarin ranar buɗewa daga rumbun za a ɗebo shinkafar manyan baƙi. Ka san abin da ke ciki: irin jar shinkafarmu mai tashi da ruwa, wadda ambaliya ba ta shanyewa, wadda Goggo ke zaɓe zangarniya zangarniya. Bana duk yankin nan gare ta kaɗai ya saura. Na tuna ma Baffa gidanmu ba a cin iri ko ana yunwa. Ya ce in kama bakina, sabon iri na nan tahe cikin buhu.

Goggo kuwa, ka san ita ce gaba da shi. Ta dai kai tabarmarta gindin rumbu, can take wuni, ta kuma daina taɓa kwanon gidan Baffa. Jiya magina sunka ja igiya, sunka zuba tokar layin tushe, da ita zaune ciki.

Kai kaɗai Baffa ke jin nauyi. Ka zo kafin bango ya tashi, don ƙofa guda na gani a zanen nan, kuma makullinta ba hannunmu za shi ba.

Inna da Laure da Asiya suna gaishe ka. A gaishe min da Zakiyya.

Ƙanenka,
Abdussamadu