Ranar Shigar Fatalwa

Ohayo, Amurka
2 ga Nuwamba, 1976

Yaya Huraira,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da mutanen Tudun Ƙofa? Ni lafiya lau, sai ɗan kaɗaici.

Shekaranjiya aka yi bikin Halowin, kowa ya yi shigar fatalwa ko maye. Na ƙi zuwa, na ce asalinsa tsafi ne, addinina bai yarda ba. 'Yan ajinmu suka yi ta mini dariya.

A daren ina ɗaki sai ga tsohuwar da nake haya a gidanta, Kirista ce. Ta ce, "Mu ma cocinmu ya hana. Taso mu ci abinci." Yanzu "ɗana" take kirana.

Ki aiko da kuka da daddawa, na yi mata alkawarin miya. Inna ta ci gaba da addu'a.

Ƙaninki,
Sale