Taken Kaka Lonzo Ba Nasa Ba Ne

Zuwa ga Yaya Orpha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da Hobart da yara, a wannan sanyi naku na Detroit. Ubangiji ya ƙara lafiya. Mu nan ƙalau, ƙafar Mama ta yi sauƙi, an kuma gama yankan taba.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Ran Asabar, a taron dangi a harabar coci, ɗan'uwanmu Delmer ya ɗauko goge ya kaɗa taken Kaka Lonzo, wanda tun muna yara ake ce mana Kaka ne ya ƙirƙiro shi. Yana gamawa sai wata tsohuwa baƙar fata mai suna Zenobia, wadda ta zo ziyarar kabarin iyayenta a maƙabartar baƙaƙen fata da ke ƙetaren rafi, ta matso tana dogara sanda. Ta ce hannunsa da daɗi, amma ina ya jefar da gaɓa ta uku? Kin san bakin Delmer. Ya ce gaɓa biyu ce tun fil azal, ko Iya ta zo koya masa kiɗan gidansu ne? Sai kawai ta rera gaɓar da hanci. Abin kuwa ya zauna daram a kan kiɗan.

Ta ce taken mahaifinta ne, Isom, mai aikin layin dogo, shi ma a bakin uwarsa ya ji. Muka juya ga Mama don ta ƙaryata, sai muka ga tana hawaye. A gaban kowa Mama ta ce Isom da Kaka uba ɗaya suke, kuma Isom ne ya koya wa Kaka goge. Ranar da aka binne Isom, tsoron bakin mutane, kada a ce farar fata yana da ɗan'uwa baƙar fata, ya hana Kaka tsallaka rafin zuwa jana'izar, daga nan bai sake taɓa gaɓar ba. Shekara sittin Mama na riƙe da wannan a ciki!

Kawu Virgil ya yi fushi ya tafi, ko abinci bai ci ba. Delmer kuwa kullum yana gidan tsohuwar, tana rerawa yana bi, tana ce masa kunnensa na katako ne. Mama ta gayyace ta cin abincin Kirsimeti. Idan kin zo, Inna Zenobia za ki ce mata, haka Mama ta umarta.

Ki gaida Hobart da Arlie da 'yar auta Nola.

Ƙanwarki,
Vernie