Jar Fata a Keken Chaibou

Agadas, 3 ga Disamba, 1964

Zuwa ga yayana Lukumanu, mai gyaran keke a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya, kai da iyali. Bayan haka, Yaya, ina cikin damuwa, shi ya sa na tare Inoussa direba tun bai gama lodin kamyonsa ba, don ya kai maka takardar nan.

Ka san keken tseren da Mushen lakwal, Baturen nan malamin makaranta, ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Ran 18 ga wata, sallar Jamhuriya, za a yi tsere, kuma wanda ya zo na ɗaya za a ɗauke shi aikin kai wasiƙu a gidan waya. Mun yi alkawari da Baba gaban Inna: in na ci, ya rabu da ni da kekena, in ban ci ba, in sayar da shi in zauna rumfa in koyi dukanci. Tun ranar, wata huɗu ke nan, ban da amsa gaisuwa ba abin da ke haɗa mu.

To kwana biyar ke nan deraye, abin nan mai sauya wa sarƙa wuri a ƙafar baya, ya ƙi ni. Pinyo, faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, biyar ne. In na ja ɗan hannun sauya gudu, sarƙa tana hawa manyan lahiya lau. In na sake shi don ta sauko ƙananan, inda gudu yake, sai ta tsaya tana ƙara, can kuma ta faɗo lokacin da ta ga dama. Jiya ta faɗo ina tsaye kan feda, saura kaɗan in sha ƙasa.

Ina zargin Tanko. Shi kaɗai ne zai iya ja da ni a tseren nan, kuma Biba ƙanwarmu ta gan shi yana fitowa daga zaurenmu, inda nake ajiye keken, ranar da na tafi jana'iza. Ka gaya mini abin yi da wuri. Ka gai da Fulera da yara.

Ƙanenka, Chaibou.

*

Damagaram, 6 ga Disamba

Zuwa ga ƙanena Chaibou.

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Na ga har yanzu zuciyarka ta fi ƙafarka sauri. Ka bar Tanko tukuna. Shekara tara ina wannan aiki, kuma cikin keke goma da aka kawo mini da sunan an yi musu hannu, tara datti ne kawai.

Ka kife keken, ka bi abin da zan faɗa ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa biyu. Ka wanke sarƙa da deraye da kananzir, don na san ka da shafa man gyaɗa, shi kuwa da rairayin Agadas in sun haɗu kunu suke zama. Sannan ka tsuguna ta baya ka rufe ido ɗaya, ka duba ko deraye yana rataye daidai ƙarƙashin pinyo ko ya karkace ciki. Akwai ƙananan bis biyu, kusoshin nan da ake juyawa, a jikinsa masu tsare iyakarsa. Ka sassauta na wajen ƙaramin pinyo rabin juyi, ba fiye ba.

In duk bai yi ba, ka kwance kable, wayar da ta taho daga ɗan hannun, daga jikin deraye, ka juya feda da hannu. In sarƙa ta sauko ƙaramin pinyo da kanta, deraye ba shi da laihi, kable ne wani abu ya riƙe. Kuma ka tuna da kyau: me ya canza a jikin keken tun ranar da ya daina yi? Ko ƙanƙane ne ka rubuto mini.

Ka gai da Baba da Inna. Na ce ka gai da Baba, ka ji.

Yayanka, Lukumanu.

*

Agadas, 10 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi duk yadda ka ce. Na wanke, na duba, deraye a miƙe yake, bis ma bai canza kome ba. Da na kwance kable sai sarƙa ta gangaro ƙaramin pinyo ba gardama. Kable ne ke nan. Na ja shi da hannu, ya yi tauri kamar an dasa shi. Ina tsoron zare shi, don bakinsa ya tarwatse, in ya fita ba zai koma ba, kuma duk Agadas babu irinsa.

Akwai abin da ba za ka ji daɗinsa ba. Shekaranjiya na tare Tanko a kasuwa gaban masu gishirin Teguidda. Na ce, "Mi ka taɓa ga kekena?" Ya ce, "Wallahi Chaibou ban cuce ka ba." Na ce, "To mi ya kai ka zaurenmu?" Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya faɗa ba. Na ci kwalarsa, sai da mutane suka raba mu. Yanzu unguwa ta rabu biyu. In ba shi da gaskiyar faɗa, ai ka ga akwai magana.

Ka tambayi abin da ya canza. Babu kome, sai wata jar fata da na tarar an naɗe a ƙarfen da ke bin sarƙa zuwa ƙafar baya. Na ɗauka Biba ce ta yi don kada sarƙa ta kankare fenti. An ɗinke ta da zaren tsanwa, ɗinki ƙanana, da ƙulli uku a ƙarshe. Ta yi kyau, ta kama ƙarfen tam.

Saura kwana takwas, ban yi gudun kirki ba tun ƙarshen watan jiya. Abinci ma ba ya shiga. Jiya na wuce rumfa na ga Baba ya share gefen dama ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Na san ta wane ne.

Chaibou.

*

Damagaram, 13 ga Disamba

Chaibou,

Gaisuwa a taƙaice, Inoussa yana jira. Na karanta takardarka sau biyu.

Da ka zauna rumfa ko wata ɗaya da ba ka tambaye ni ba. Biba ba ta iya riƙe basilla ba. Ƙulli uku da zaren tsanwa, duk Agadas mutum ɗaya ke rufe ɗinki haka, Baba. Ni na yi shekara bakwai gefensa. Kuma ka san yadda yake kuben takobi: sai ya jiƙa fata ya ɗinke ta da danshi, in ta bushe ta tsuke ta kama ƙarfe har abada. Kablenka a kan wannan ƙarfen yake bi. Fatar ta bushe ta matse shi, shi ya sa hannunka ke iya jan sa sama da ƙarfi, amma ɗan ƙarfen deraye ba ya iya mai da shi.

Ka taɓa fatar da yatsa, za ka ji ɗan tudu. Laya ce. Ranar da zan taho Damagaram bai ce mini ko "Allah kiyaye" ba, na taho ina kuka a bayan kamyo. Sai bayan shekara biyu na gano irin wannan tudu a hannun akwatin kayan aikina. Haka yake nasa.

Gyaran dai yanka ɗaya ne da wuƙa. Amma ba zan ce maka yanka ba, ba zan ce bari ba. Abin da zan ce shi ne ka nemi Tanko tun kafin rana ta faɗi.

Lukumanu.

*

Agadas, 16 ga Disamba

Yaya,

Na taɓa, tudun yana nan. Na je wurin Tanko na ba shi haƙuri gaban mutanen da suka raba mu. Shi ya riƙe wa Baba keken yana ɗinki, Baba ya sa shi rantsuwa kada ya faɗa. Ya sha cin kwala a kan amana, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun hantsi wuƙa tana hannuna, na kasa. Mutumin da ya shimfiɗa mini tabarma a rumfa shi ne ya nema mini tsari a kan abin da zai raba ni da rumfar. In na yanka, na yar da albarkarsa. In na gaya masa, na tona abin da ya ɓoye, na kuma ce aikinsa ya yi ɓarna. In na bari, na faɗi.

Ga abin da na yanke. Gobe da safe zan kife keken a bakin rumfa, in yi ta juya feda ina jan hannun, ba zan ce kome ba. Idonsa ya fi nawa. In ya yi shiru, haka zan hau jibi. Ka yi mini addu'a.

Chaibou.

*

Agadas, 19 ga wata

Daga Alkasum baduku, ubanku, zuwa ga wanda ke Damagaram. Gaisuwa da sa albarka.

Bayan haka, ƙanenka ya kawo ƙarhensa bakin rumfa shekaranjiya, shina ta juya shi har na gaji da ƙara. Na duba. Shekara arba'in ban taɓa warware ɗinkina ba, ranar na warware. Abin da ke ciki na ɗinke mishi ga damtse, da busasshiyar fata.

Jiya sun yi gudunsu. Na tsaya bayan mutane. Tanko ya riga shi da tsawon keke guda. Wanda ya yi kwana ashirin bai yi gudu ba, ba laihinsa ba ne, na san ko na wane ne.

Da sahe ya zo ya zauna bisa tabarma, ya ce ya cika alkawari. Na ce mishi ya tashi, alkawarin na warware shi tare da ɗinkin.

Ka aiko ta hannun Inoussa da wayar nan da kuke ce ma kable, guda biyu, da ƙarhen juya bis. Gehen dama na rumfa ya isa a kihe keke.

Wassalam.