Zankon Gazali

Asabar, 8 ga Safar
Shekara goma ke nan da soja suka karɓi mulki, bana kuma gero ya bushe a tsaye, ko dame guda ba mu ɗaure ba. Ina ajiye wannan da ɗan ajamina. Gazali, ɗan ɗiyata A'i, ya dawo daga Tasawa da zanko tun daga goshi har ƙeya, ya rine shi ja da lalle. Wai wani sinima suke kallo a shagon bidiyo, na yaran Turawa da suka gudu daga gida. Sau tara ya kalle shi. Jikan wanzami da kai kamar na zakara!

Lahadi, 9
Na sa an riƙe shi a ƙofar masallaci, na aske shi tas. Bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "Tsoho, ka gama?"

Talata, 11
Tabarmarshi a naɗe, ba shi. Yunwa za ta maido shi. Ko da yake nan ɗin ma ita ce.

Juma'a, 14
Sai yau A'i ta yi mini magana. "Baba, wa ya fara bar mishi zanko?" Ni ne. 'Ya'yanta uku sun mutu a goye. Na huɗun, ranar suna, na bar mishi zanko don ya zauna, yadda ubana ke yi. Ya kuwa zauna. Ni da na san askin kowane gida a Hawandawaki, wannan na manta.

Lahadi, 23
Kasuwar Tasawa. Bayan azahar na shiga shagon bidiyon. Samari na dariya, "Baba, ba wa'azi ba ne fa!" Kiɗan hayaniya ce, turancin ban ji ko kalma ba. Amma na ga yaran kwance cikin kango, burodi guda su shida, wata na tayar wa wani gashi da sabulu. Ba wanda ya zo nemansu har aka gama. Rabo mai shagon ya ce an ga jikana a tashar Maraɗi yana dako, kai ɗaure da ƙyalle.

Litinin, 24
Har yanzu na ce siniman nan shirme ne. Gobe da safe zan hau motar Maraɗi. Gashin ya isa ya fara tsirowa. Na wasa aska, lallen A'i na cikin zabira. Gefe da gefe kawai zan aske.