Shafin Shagon Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Inna da ƙafar tata? Yaya yaran? Ni ma lafiya lau, sai aiki.

Ka san sana'ata, ajiye wa masu shaguna shafukansu na intanet. To, kamfanin da nake hayar manhajar kula da shafukan ya sake ƙara kuɗin lasisi. Yanzu kowane shafi ƙirga shi suke yi, kuma na haura ƙarfin aljihuna da guda ɗaya. Na koma ƙaramin ɗaki, amma akwai taga. Kada Inna ta ji.

Abokin aikina ya ce in goge shafin shagon ɗinkin Baba, tunda ba mai biya. Na buɗe, sai ga Baba a kan keken ɗinki, tef a wuya, yana hararar mai hoto. Allah ya jiƙansa. Nawa na goge, wanda nake tallar aikina.

Tunda kai ke riƙe da shagon yanzu, don Allah ka turo hotunan sababbin ɗinkunanka in saka. Kuma ka riƙa leƙawa, Yaya. Manhajar tana nuna masu ziyara, kullum ni kaɗai take nunawa.

Ƙaninka