Albasa a Matsayin Kyautar Tsere

Daren Alhamis, 1 ga Oktoba, 1992. Danwarai.

Ƙafafuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan.

Mako guda ina roƙon iyayen yara su taimaka da 'yan kyaututtuka don wasannin ranar 'yancin kai. A raina fensir nake gani, da sabulu, da alawa. Da safe na buɗe ofis, sai ga albasa har bakin taga. Kowane gida abin da ya ɓoye tun rani ya aiko, kuma na san a wannan watan ba ƙaramin karamci ba ne. Amma ni na yi wa yara alkawarin abin makaranta, ga kuma baƙo daga Jega zaune a kujerar hedimasta!

Mun rera taken ƙasa, mun kaɗa tutocin takarda. Wata ɗalibata, Hassi, ta lashe tseren buhu, ta zo tana haki. Na zaɓi albasa mafi girma na miƙa mata. Ta jujjuya ta, idonta ya ciko.

"Malam, wagga ta gidanmu ta. Ni nak kawo ta da sahe."

Fili ya fashe da dariya, ni kuwa gumi kawai nake.

Baƙon ya taso, ya zare biro daga aljihu. "'Yata, mu yi musaya?" Kafin in ankara ya aika kanti an kwaso fensira, yara sun yi layi, kowa da albasarsa.

Da la'asar mu uku, ni da shi da hedimasta, muka ɗaure masa buhun albasar a babur. Hassi ko sallar Magariba da biron a kunne ta tafi.